Ɗigo Ɗaya a Bisa: Fa Ce ko Ƙaf?

 

Duk mai shiga gidajen ƴan'uwanmu Hausawa a nan Sabha, ko a Gurda, ko a Mahdiyya, ko a Manshiyya, ya lura da wani baƙo da ya samu wurin zama a ɗakunan mata cikin ƴan shekarun nan. Baƙon nan shi ne takardar koyon baƙaƙe. Uwa ko yaya takan samo ta a wayar hannu, a tura wa mai shagon fotokwafi ya buga, a kawo gida a shimfiɗa wa ɗan shekara biyu ko uku ko huɗu: ga harafi ƙato a tsakiya, ga hoton dabba a gefe, ga ƴan ɗige-ɗige a ƙasa waɗanda ake so yaro ya bi da alƙalami. Niyyar iyayen kyakkyawa ce, dalilinsu kuma mai ƙarfi ne. Da yawa daga cikin ƴaƴanmu ba su da takardun da makarantar gwamnatin Libiya take nema kafin ta karɓi yaro, rauda ta kuɗi kuwa ba kowane aljihu ke iya ɗaukarta ba. Ga kuma abin da garin nan ya gani a 2012 da 2014 da 2018, lokacin da faɗace-faɗace suka tsare mutane a gidajensu. Uwar da ta ga haka, ta tashi ta mai da ɗakinta makaranta ba ta jira kowa ba, ta cancanci yabo.

Saboda haka ba kushe takardun nan muka zo yi ba. Abin da muke so a gane shi ne, waɗanda suka tsara su yaron Masar ko na Sham ko na Faransa suke tunani, yaron da harshen gidansu da na makarantarsa da na titinsu duk ɗaya ne. Namu yaron ba haka yake ba. A ɗaki Hausa yake ji, a bakin ƙofa Larabcin Fazzan, a gaban malam yana kallon allo da rubutun da muka zo da shi daga gida, in kuma aka koma Agadas ko Tawa ko Damagaram, lakwal na jiransa da baƙaƙen Faransanci. Maƙwabtanmu Buzaye ma suna da nasu rubutun, Tifinag. Yaron da yake tsakiyar wannan mararraba, ba kowace takarda ce za a miƙa masa ba sai an duba ta.

Mu fara da ɗigo, tun da shi ne ya fi kowane ƙanƙanta, ya kuma fi kowane ɓarna. Ku ɗauko Alƙur'anin da kuka taho da shi daga gida, irin mai rubutun hannun malamanmu wanda ake bugawa a Kano, ku nemi harafin fa. Za ku ga ɗigonsa ɗaya ne, a ƙasa. Ku nemi ƙaf, za ku ga ɗigonsa ɗaya ne, a bisa. Haka rubutun Magrib yake tun da daɗewa, shi ne kuma muka gada tare da ruwayar Warsh. To yanzu ku ɗauko takardar da aka bugo daga shago. A cikinta fa tana da ɗigo ɗaya a bisa, ƙaf kuma biyu a bisa, domin haka mutanen Gabas suke rubutawa, haka kuma littattafan makarantun Libiya suke. Ma'ana, harafi ɗaya tak, mai kai zagayayye da ɗigo ɗaya a kansa, da safe uwa ta ce wa yaro fa ce, da yamma malam ya ce masa ƙaf ne. Kowannensu kuma gaskiya ya faɗa. Ɗan shekara huɗu ba ya da bakin da zai ce malamansa biyu sun saɓa. Abin da zai yi shi ne ya yi shiru, ko ya dinga canke, daga nan sai a fara cewa ba ya da kai, wani lokaci har a haɗa da dorina. Ƙari a kan haka, a rubutunmu na gida, nun da fa da ƙaf da ya sukan zo a ƙarshen kalma ba ɗigo ko ɗaya, alhali takardar shago ba ta taɓa barin su haka.

Wanne za a bi? Babu wanda yake kuskure a cikinsu, kamar yadda babu kuskure tsakanin Warsh da muke karantawa da Ƙalun da mutanen Libiya suke karantawa, su biyun almajiran Imamu Nafi'u na Madina ne, wanda ya rasu a shekara ta 169 bayan Hijira. Tambayar da za a yi ita ce: nan da shekara biyu, a gaban wa yaron nan zai zauna? In malaminmu ne mai allo da tawada, to kafin a ba yaro takardar a gyara ta da hannu, a liƙe ɗigon fa da ɗan farin ƙyalle ko takarda a mai da shi ƙasa, a rage wa ƙaf ɗaya. In kuwa makarantar Libiya ake sa ran zai shiga idan ya cika shekara shida, a bar takardar yadda take, amma a je a gaya wa malamin allo, don ya san abin da yaro ya zo da shi a kansa. Ɗaya rubutun ba zai gudu ba. Yaron da ya riƙe ɗaya da kyau, idan ya kai shida ko bakwai, zama ɗaya ya isa a nuna masa bambancin. Taura biyu ce ba ta taunuwa a bakin da haƙoransa ba su gama fitowa ba.

Jerin baƙaƙen ma ya saɓa: a Gabas sin da shin ne ke bin zai, a Magrib kuwa suna can kusa da ƙarshe. Wannan bai dame mu ba, domin ba mu ga amfanin bin jeri da ƙaramin yaro ba. Yaro yakan haddace jerin kamar waƙa ya rera shi tiryan-tiryan, a yi ta murna, amma a tsamo harafi ɗaya daga tsakiya a nuna masa, sai ya tsaya kallo. Haddar jeri daban, gane harafi daban.

Sai hoto. Hikimar sa hoto a gefen harafi ita ce yaro ya ga abin da ya sani, ya faɗi sunansa, kunnensa ya tsinci sautin farko, ya ɗaura shi a kan harafin. Wannan dabara tana aiki ne kawai idan sunan da ya fito daga bakin yaro shi ne wanda mai takardar yake nufi. Takardar Larabci takan sa zomo a gefen alif saboda Balarabe arnab yake cewa, agwagwa a gefen ba, raƙumi a gefen jim. Ɗanmu ya dubi alif ya ce zomo, ya dubi ba ya ce agwagwa, ya dubi jim ya ce raƙumi. Sau uku ya yi daidai, sau uku kuma takardar ta ɓatar da shi. Ta Faransanci ma haka take: jirgin sama a gefen A, giwa a gefen E. A kan B ne kawai aka yi dace, tun da yaranmu ma balo suke cewa. Gwajin kuwa ba wuya. Kafin a kashe kuɗi a shago, a nuna wa yaro hoton a waya, a ce mene ne wannan? Kalmar da ta fara fitowa daga bakinsa ita ce hukunci. Akwai gidajen da aka haifi yaran a nan, Larabci ya fi Hausa saurin zuwa bakinsu. Waɗannan in ya ce arnab, to takardar tasa ce, a ba shi.

Ga sauran kuwa, a bugo harafin shi kaɗai, a nemi hoton a gida. Kakanninmu da waɗannan baƙaƙe suka rubuta Hausa tun kafin zuwan Turawa, ajami bai kuwa mutu ba. Ba ta tafi da biri ko buta, ta da tasa, jim da jaki, dal da doki, ra da raƙumi, zai da zomo, sin da saniya, shin da shaho, kaf da kaza, lam da lemu, mim da mota, nun da nama, wau da wata, ya da yatsa. Gidan da ba ya son hoton mai rai, kada wannan ya zama abin gardama tsakanin miji da mata: buta da tasa da mota da wata da dabino duk suna nan, kuma abin da ya fi hoto shi ne a ɗora butar kanta a gefen takardar.

Amma a nan sai an yi hattara, domin ba dukan baƙaƙe ne za su bi wannan hanya ba. Masu ajami sun ari waɗansu haruffa sun ɗora musu sautin Hausa wanda ba nasu ba. Harafi na huɗu, mai ɗigo uku a bisa, sun rubuta ca da shi; gain sun rubuta ga, irin ta giwa; wanda muke kira lodi mun saba furta shi kamar lam. In aka sa hoton giwa a gefen gain, ko na cokali a gefen mai ɗigo ukun nan, an shuka wa yaro lafazin da shehin masallaci zai sha wahalar cirewa. Waɗannan, da ain, da ha biyun nan na maƙogwaro, da sodi, da zal, a bar su ba hoto, a kuma jinkirta su, yaro ya ɗauke su daga bakin wanda ya iya. Ƙaf kuwa sha'aninsa ya fi na kowa, don a garin nan sau uku ake furta shi: mu mu ce ƙa kamar ta ƙofa, mutanen gari su ce ga, mai tajwidi kuma ya fito da shi daga can tushen harshe. Sunan unguwar Gurda ma da ƙaf ake rubuta shi.

Mu da muka tashi a zauren liman, muna jin ƙannenmu suna rera babbaƙu tun kafin mu san amfaninsu, mun daɗe muna ganin an yi sakaci da wata dukiya. Malamanmu na allo ba su tsaya ga sunayen Larabci ba, sun raɗa wa baƙaƙe sunaye da Hausa, sunayen kuma siffa suke faɗa. Ha ƙarami, da ha mai ruwa, wato mai ɗigo. An baki wofi, wato ain mai buɗaɗɗen baki. Jim ƙarami koma baya, saboda wutsiyarsa da ke lanƙwasowa. Ha kuri da ta kuri, ba guje da ta guje, kaf lasan, nun guda. Sunayen sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma manufar ɗaya ce: yaro ya ji sunan, idonsa ya nemi abin da sunan ya faɗa. Abin da ya fi burge mu shi ne, sun gane cewa harafin Larabci yana sauya kama gwargwadon inda ya zauna, sai suka ba kowace kama sunanta, shi ya sa ake da lam ara da lam jaye, mim ara da mim jaye. Wannan kuwa shi ne babban raunin takardar shago. Ita harafi take nunawa a tsaye shi kaɗai, da cikakken jikinsa, alhali a cikin kalma yawanci kansa kawai ake gani. Yaro ya san ain mai babban ciki a takarda, a nuna masa ita a tsakiyar kalma ta zama ɗan ƙulli, ya ce bai taɓa ganinta ba. Ba mu ce a ɗora wa ɗan shekara uku kamannin harafi huɗu ba. Amma idan ya riƙe harafi, a rubuta masa sunansa ko na ƙanwarsa a ƙasan takardar da manyan baƙaƙe, a ce ya nemo shi a ciki. Kakar da take gidan, wadda ake ganin ba ta da abin cewa a sha'anin takarda, ita ce ta san sunayen nan. A kira ta ta zauna.

Takardar da muka fi so a buga ba ta da hoto, ba ta da ko ɗigo. Baƙaƙen Larabci 28 ne, amma jikkunansu ba su kai ashirin ba, ɗigo ne ke raba sauran. A sa mai shago ya buga jikin ba shi kaɗai, ƙato kamar kwale-kwale, ko a zana da hannu a kwali, hannu ma ya fi arha. Sai a kawo marufan kwalba guda uku. Ɗaya a ƙasa, ba. Biyu a bisa, ta. A ƙara na uku, ga wani harafin. Uwa ta ce yi mini ba, yaro ya sa; ta rufe ido ya sauya, ta buɗe ta faɗa, wani lokaci ta yi kuskure da gangan ya gyara mata, babu abin da ƙaramin yaro yake so irin wannan. Haka za a yi da jikin jim da ƴan'uwansa biyu, da dal da zal, da ra da zai, da sin da shin. Kwali biyar sun ɗauke baƙaƙe goma sha biyu. Mun san hannu zai fi saurin kai wa ƙwallon dabino, tun da a Fazzan shi ne ba ya yankewa a gida, amma ga wanda bai kai shekara uku ba kada a yi, domin bakinsa zai kai, yana kuma iya shaƙe shi. Wasan nan ba sabon abu ba ne in aka duba. Mus'hafan farko yawancin baƙaƙensu haka suke ba ɗigo, malaman tarihi kuma suna jingina daidaita ɗigon ga Nasru ɗan Asim da Yahaya ɗan Ya'amar a zamanin Hajjaju, bayan Abul Aswad Ad-Du'ali ya fara sa alamun wasali. Abin da ya sa suka yi shi ne don waɗanda ba Larabawa ba irinmu su daina ruɗewa.

Sannan a sa yatsa a ciki. A shafa ruwan ƙaro a kan jikin harafin, a barbaɗa rairayi, a bari ya bushe. Rairayi dai ba a saye a Sabha, iska ma kawo shi take har ɗaki. Yaro ya bi harafin da yatsa daga dama zuwa hagu yana faɗar sautinsa. Wata likita ƴar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, da baƙaƙe masu kaushi irin waɗannan ta yi suna. A farkon shekarun 2000, Édouard Gentaz da Florence Bara da abokan aikinsu a Faransa sun gwada abin a kan yara ƴan shekara biyar, suka samu waɗanda suka shafa baƙaƙe da yatsa sun fi waɗanda suka kalla kawai saurin haɗa harafi da sautinsa. Game da ɗige-ɗigen da ake bi da alƙalami kuwa, wanda shi ne ya cika takardun shago, muna da ja. A 2012, Karin James ta Jami'ar Indiana a Amurka ta nuna cewa yaran da suka zana harafi da kansu a farar takarda, sassan ƙwaƙwalwarsu masu aikin karatu sun fi motsawa idan suka sake ganinsa, fiye da lokacin da suka bi sawun ɗigo ko suka danna shi a kwamfuta. Karkataccen harafin da yaro ya ƙago da kansa ya fi miƙaƙƙen da aka ja hannunsa a kai. Saboda haka bayan shafawa, a zuba rairayi a faranti, a ajiye takardar a gefe, a bar shi ya kwaikwaya. Ya ɓata ya share da tafin hannu, ba asarar takarda, ba kuka.

To baƙaƙen boko fa? Mun san wannan ce damuwar iyayen da suke shirin komawa gida, suna tsoron kada ɗansu ya shiga ajin CI yana baya. Shawararmu ita ce, a nan Sabha a fara da na Larabci, dalilin kuwa ba na addini kaɗai ba ne. Gari ne yake taimakon uwa. Allon shago, da jikin mota, da takardar dinari, duk Larabci ne, yaro yana tafe yana tsintar baƙaƙensa a hanya. Akwai tarihi a bayan wannan. Faransawa sun riƙe Fazzan daga 1943 zuwa 1951, amma ba su bar baƙaƙensu a titi ba kamar yadda suka bari a Yamai. A 1986 gwamnatin Gaddafi ta dakatar da koyar da Turanci da Faransanci a makarantu, aka daɗe kafin a mayar, a 2001 kuma ta yi doka mai lamba 24 wadda ta hana amfani da wani harshe ban da Larabci a alluna da takardun hulɗa. Bayan 2011 abubuwa sun sassauta, har doka mai lamba 18 ta 2013 ta amince da harsunan Amazig da Buzaye da Tubawa, amma idon yaro a titin Sabha Larabci ya fi gani. A bar shi ya riƙe baƙaƙe goma ko goma sha biyar ya zauna da su, hannunsa ya saba da tashi daga dama, sannan a kawo na boko, a wani lokaci na yini daban, a wata kusurwa ta ɗaki daban, in da hali ma a hannun wani mutum daban.

Idan lokacin ya yi, a tuna boko ma iri biyu ne. Abin sha'awa, mutumin da ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa na boko na farko a Kano ta wannan ƙasa ya bi. Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya taso daga Tarabulus a 1906, ya ratsa Murzuk da Bilma har Borno, a 1909 ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, a 1912 ya fitar da ƙa'idojin. Baƙaƙe masu ƙugiya sun zo daga baya, a shekarun 1930. Aka yi taron Bamako a 1966, Nijar kuma ta tsayar da nata tsarin a 1999, shi ya sa muke rubuta ƴ inda ƴan Nijeriya suke sa waƙafi a bisa kafin y. Takardar da aka tsara a Faransa ba ta san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, tana kuma ɗauke da q da v da x waɗanda Hausa ba ta bukata. C ɗinta ba ta ciki da cokali ba ce, u ɗinta ba ta uwa ba ce, h ɗinta ma ba a furta ta. Yarinyar da ake kira Ɗahara ko yaron da ake kira Ƙasimu, idan aka nemi harafin farkon sunansu a takardar nan ba za a samu ba, alhali harafin farkon suna shi ne wanda yaro yake fara riƙewa a kowane harshe, don yana ganin nasa ne. A ɗauki biro a ƙara ƙugiyar da hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu, tun da kundin da Nijar ta fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Mu a ganinmu a fara da sautin Hausa, wanda kowane harafi yake faɗar abu ɗaya ba ya sauyawa. Mushen lakwal zai ɗora nasa a kai.

A fara kuma da manyan baƙaƙe, kamar yadda makarantun ƙananan yara na Faransa kansu suke yi kafin su kai ga rubutun haɗe. Ƙananan akwai tarko a cikinsu: b da d da p da q jiki ɗaya ne aka jujjuya, mu kuma mun ƙara musu ɓ da ɗ. Masanin ƙwaƙwalwa Stanislas Dehaene ya yi bayanin dalilin a littafinsa na 2007, Les Neurones de la lecture. Idon ɗan Adam an halicce shi ya gane abu ko ta ina ya juya; buta buta ce ko bakinta na duban gabas ko yamma. Rubutu ne kaɗai ya zo ya ce juyawa tana sauya suna, yaro kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya yarda. Don haka in ɗanku ya rubuta harafi a juye, ko ya fara sunansa na boko daga dama, ba taurin kai ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Ga yaron da yake tsakanin rubutu mai tafiya hagu da mai tafiya dama, abin ya fi zama dole. A sa ɗan jan ɗigo a gefen da ake farawa, a yi haƙuri.

Game da shekaru, ɗan shekara biyu wasa kawai yake, in ya san harafi ɗaya ko biyu ya isa, in bai sani ba babu abin da ya ɓace. Tsakanin uku da huɗu ne ganewa take zama. Minti biyar zuwa goma, harafi ɗaya a mako ko ma fiye da mako, a tashi tun yana so a ci gaba. Wanda aka daka a kan alif ya koyi abu ɗaya, tsoron takarda. Kada kuma a ce tun da takardar a waya take, a miƙa masa wayar a huta da zuwa shago. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da wanda bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ƴan biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Ban da haka, wutar garin nan kun san halinta, takarda kuwa ba ta neman caji.

Saura abu ɗaya wanda muke roƙon a kiyaye. Da yawa daga cikin takardun Larabcin nan suna ɗauke da Bisimilla a kansu, waɗansu da aya, waɗansu kuma sunan Allah ne misalin da suka kawo a gefen alif. Takardar da take hannun ɗan shekara uku kuwa kun san makomarta: za a taka ta, a zuba mata kunu, iska ta fitar da ita tsakar gida. A duba kafin a buga, a ce wa mai shago ya cire wannan layi, ko a yanke shi da almakashi a adana. Waɗanda aka riga aka buga suka tsufa, a tara su a ƙone a wuri mai tsabta, a binne tokar. Masu kyau kuma a sa kowace a cikin farar leda saboda ƙura, a huda gefe a zura zare a rataye inda hannun yaro yake kai. Idan an tashi tafiya gida a sa su a jaka tare da takardun haihuwa, domin malamin da zai karɓi yaron a can ya ga da wane ɗigo ya saba.